Magazin da kayan ƙari na ƙaramar bindiga: masu tsadar sun ci kuɗinsu?

Baban Khalifa (Houston):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan harka a nan Amurka. Na sayi ƙaramar bindiga (fistol) ƙirar Glock 19 saboda shagon da nake rufewa da tsakar dare. An yi min binciken da doka ta tanada, komai ya tafi daidai. Ina gama biya sai mai sayarwar ya fara jero min kaya a kan kanta: ƙarin magazin (gidan harsashin da ake cusa wa bindigar) na kamfanin, kube, tocilar da ake maƙalawa a ƙasan bakin bindigar, da madubin saiti mai jan ɗigo. Da na haɗa lissafi sai na ga kayan sun fi bindigar kanta kuɗi, na ce masa zan dawo. A intanet kuma na ga magazin da aka ce yana shiga Glock 19 a kan rabin kuɗin na kamfani, wasu ma ƙasa da haka. Don Allah masu tsadar nan da gaske sun fi, ko suna kawai mutum yake saya?

Alhaji Garba (Sugar Land):
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare, ya sa kada buƙatarta ta taso. Ƙanena, ka fara cire magazin daga cikin jerin kayan ƙari. Magazin ɓangaren bindigar ne. Duk harbi ɗaya, ƙarfen sama yana ja da baya ya jefar da kwanso, ya dawo ya tsinci sabon harsashi daga bakin magazin ya cusa shi ciki, duk cikin ƙiftawar ido. Idan leɓɓan magazin sun buɗe kaɗan, ko sifirin ɗin ya yi sanyin turo harsashi sama, bindigar za ta cije komai kyanta. Ka tambayi duk mai gyaran bindiga, idan aka kawo masa fistol mai cijewa abin da yake fara cewa shi ne a canza magazin a gani. Araha ba ta ado. Ka sayi na kamfani ka huta.

Injiniya Bello (Detroit):
Na yarda da Alhaji kan muhimmancin magazin, amma ban yarda a ce tsada ita ce alamar inganci ba. Akwai wani kamfani a Italiya, Mec-Gar, a yankin Brescia inda Beretta take. Tun 1965 sana'arsu ke nan. Sun daɗe suna ƙera wa manyan kamfanoni irin su Beretta da SIG Sauer da CZ magazin, a buga sunan mai bindigar a jiki a saka a akwati. Sannan suna sayar da nasu da sunansu a farashi mai sauƙi. Wanda ya sayi nasu ya biya kaɗan, kuma bai sayi na banza ba. Abin da nake dubawa shi ne wa ya ƙera, da wane irin ƙarfe, kuma ana iya samun sifirin ɗinsa idan ya gaji.

Amma kai Baban Khalifa taka mai sauƙi ce. Magazin ɗin Glock na kamfani yana cikin mafi araha a duk na kamfanoni, galibi tsakanin dala 25 zuwa 30 da wani abu. Masu bindigar SIG P365 ko ta kamfanin HK su ne ke kuka, don nasu kan kusa ninka wannan. Ratar da ke tsakanin na kamfani da na araha a wajenka ba ta wuce kuɗin kwalin harsashi ɗaya ba.

Sadiq (Phoenix):
Ranka ya daɗe Alhaji, ina da ja kaɗan. Ni ina shiga gasar harbi ta USPSA, kuma a wajenmu magazin yana shan ƙasa. Kana gudu, ka danna maɓalli ya faɗo a tsakuwa, ka cusa wani, wataƙila ma ka taka wanda ya faɗin. Ga ƙurar Arizona. Don haka na atisaye Magpul PMAG nake amfani da su, jikinsu roba ce zalla babu rufin ƙarfe a ciki, kusan rabin kuɗin na Glock, kuma kamfanin sananne ne. Na kamfani masu rufin ƙarfe a ciki kuwa ina keɓe su, su ne ke zama a bindigar gida. Ban ga dalilin da zai sa in riƙa jefa masu tsada a ƙasa duk mako ba.

Alhaji Garba (Sugar Land):
Sadiq, ɗana, kai kana da magazin cike da jaka kuma ka san kowanne. Mai tambayar nan jiya ya fara. Ranar da ya dawo daga filin harbi a gajiye ya zube su wuri ɗaya, wa ya tabbatar ba zai cusa na atisayen a bindigar da zai fita da ita shago ba? Sabon shiga gara duk abin da ke hannunsa ya zama wanda za a iya dogara da shi.

Sadiq (Phoenix):
Wannan kam maganinsa alƙalamin fenti ne, Baba. Ina rubuta lamba a gindin kowanne, na atisaye da ruwan ɗorawa, na gida da fari. Amfanin lambar ma ya wuce rarrabewa. Idan bindiga ta cije, kafin ka ɗauki magazin ɗin daga ƙasa ka dubi lambarsa ka rubuta. In ka ga lamba ɗaya ce take ta maimaituwa, ka kama mai laifi. Wanda ba ya sa lamba sai ya yi ta zargin bindiga, alhali magazin ɗaya ne ke yawo a cikin sauran.

Alhaji Garba (Sugar Land):
Maganar lamba gaskiya ce, ni ma haka nake yi. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da sabon shiga.

Injiniya Bello (Detroit):
Bari in kawo abin da ya faru da sojojin Amurka, don yana nuna cewa abin da ido ba ya gani shi ke kashe magazin. A 1985 suka ɗauki Beretta a matsayin fistol ɗinsu, wadda suke kira M9. Bayan an shiga Iraƙi a 2003 ƙorafi ya yi yawa cewa tana cijewa. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa babban ɓangaren matsalar daga wasu magazin na kwangila ne da aka yi wa wani shafi mai kaushi don hana tsatsa. Yashin hamada mai laushi yana maƙalewa a wannan kaushin, harsasan su kasa zamewa sama. Da aka koma shafi mai santsi, abin ya yi sauƙi. Bindiga ɗaya, harsashi ɗaya, bambancin kawai yadda aka gama cikin bututun. Irin wannan ba za ka gane shi a hoton intanet ba, kuma mai sayar da marar suna ba zai gaya maka ba don shi ma bai sani ba.

Ɗan Zango (Bronx):
Sannunku 'yan'uwa. Ku mutanen Texas da Arizona kuna magana kamar ko'ina haka abin yake. A nan New York magazin da ya wuce harsashi 10 haramun ne, haka New Jersey da Kalifoniya. Colorado ta tsayar a 15 tun 2013. Ita Glock 19 nata na asali 15 yake ci, wato abin da Baban Khalifa yake ɗauka hankali kwance a Houston, ni zai iya kai ni gidan yari. A nan ko mallakar fistol ɗin ma sai da lasisi. Ina faɗin wannan ne saboda direbobinmu na manyan motoci da ke tsallaka jiha zuwa jiha. Kafin mutum ya tambayi ko magazin yana da kyau, ya tambayi ko halal ne a inda zai bi.

Sannan yaranmu ɗalibai da ke cikin wannan zaure su ji da kyau: mai katin zama na dindindin yana iya saya, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai a wasu 'yan keɓantattun yanayi. Kada wani ya ga ana hira ya je ya jawo wa kansa kora.

Maman Ilham (Columbus):
Na karanta duka tun daga sama. Yaya Baban Khalifa, sunan da muke kiranka da shi ma ya nuna akwai yaro a gidan. A cikin kayan da aka jero maka ban ji akwatin ajiya ba, kuma babu wanda ya tambayi inda bindigar za ta kwana idan ka dawo ƙarfe ɗayan dare idonka na rufewa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a sashen gaggawa. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna cewa a 2020 raunin bindiga ya zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe masu shekara 1 zuwa 19 a ƙasar nan. Yaro ɗan shekara uku yana iya jan kunama, da manyan yatsunsa biyu yake dannawa, kuma idan ya riƙe ta haka bakin yana kallon fuskarsa ne. Saman kwaba ba maɓoya ba ce, yara suna jan kujera. Ga gidajenmu da baƙi ba sa yankewa, ranar suna ko ranar Sallah yara goma suna shiga kowane ɗaki. Don girman Allah, kafin jan ɗigo, kafin tocila, akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobi, a ɗaure shi a jikin gado ko bango.

Baban Khalifa (Houston):
Hajiya, na gode ƙwarai. Yara uku ne, ƙaramar ba ta kai shekara huɗu ba. Yanzu dai makullin igiyar ƙarfe da ya zo a cikin akwatinta ne a jiki, harsashi kuma a wani wuri daban. Wane iri kike ganin ya fi, mai karanta yatsa ko mai maɓallai?

Maman Ilham (Columbus):
Namu mai maɓallai ne marar batir. Mai karanta yatsa yakan ƙi idan hannu ya jiƙe ko an shafa mai, kuma masu arahar cikinsu akwai waɗanda aka janye daga kasuwa saboda suna buɗe wa kowane yatsa. Idan za ka zuba kuɗi a wani abu, nan ne wurin.

Alhaji Garba (Sugar Land):
Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Ka kuma sani a nan Texas laifi ne a bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da 17 zai kai gare ta har ya ɗauka.

Sai kube. Nan ma ba na sassauci. Glock ba ta da makunnin kariya a gefe da za ka ɗaga ko ka sauke da babban yatsa. Kariyarta a ciki take da kuma ɗan harshen da ke tsakiyar kunama. Duk abin da ya shiga zoben nan ya danna, za ta tashi, yatsa ne ko bakin riga ko igiyar jaket. Kuben yadi mai laushi da ake cewa yana ɗaukar kowace bindiga, da tsohon kuben fata da bakinsa ya lanƙwashe, su ne ke jawo mutum ya harbi cinyarsa wajen mayar da ita. Ka nemi na Kydex, wata roba mai tauri, wanda aka zuba daidai da Glock 19, ya rufe kunama gaba ɗaya ta kowane gefe. Gwajinsa: ka cire magazin, ka ja ƙarfen sama ka leƙa ka tabbatar babu komai a ciki, ka zura ta har ka ji ƙas, ka kifar da kuben a kan katifa ka girgiza a hankali. In ta faɗo, mayar musu. Kuma mu da ke sa doguwar riga ranar Juma'a, sai an tattare rigar da hannu ɗaya, ana kallon bakin kuben, sannan a mayar a hankali. Babu gaggawa a mayarwa.

Malam Isiyaku (Atlanta):
Ni tawa fistol ce ƙirar 1911 mai cin harsashin .45, kuma a wajena magazin mai tsada ya yi rana. Wanda na fara saya a wani baje kolin bindigogi, marar suna a jiki, harsashin ƙarshe yakan tsaya a tsaye ya toshe. Da na koma Wilson Combat 47D abin ya wuce. Shi ya sa idan aka ce suna kawai ake saya ba na yarda.

Injiniya Bello (Detroit):
Malam Isiyaku, taka daban ce kuma kana da gaskiya. Ƙirar John Browning ce, sojojin Amurka suka karɓe ta a 1911, kuma harsashi 7 aka tsara wa magazin ɗinta. Yau kamfanoni barkatai ke ƙera ta, kowa da ɗan bambancin awonsa, sannan aka zo ana son cusa 8 a inda aka yi wa 7. Dole a taɓa sifirin da ɗan abin da ke zaune a kansa yana tura harsashi. Wanda ya yi aikin nan da kyau ya cancanci kuɗinsa. Glock kuwa kamfani ɗaya ne ke ƙera bindigar da magazin ɗinta tun farkon shekarun 1980 da sojojin Ostiriya suka ɗauke ta, don haka babu wata gyara da mai tsada zai zo ya yi mata.

Baban Khalifa (Houston):
Injiniya, wani abokin aikina ya ce idan na bar magazin cike da harsashi na watanni sifirin zai mutu, wai in riƙa zazzagewa duk mako yana hutawa. Haka ne?

Injiniya Bello (Detroit):
Akasin haka ma. Sifirin da aka ƙera da kyau ba zaman matse ke gajiyar da shi ba, yawan matsewa da sakewa ne. Zazzagewa duk mako ƙara masa aiki ne. Ka bar shi cike. Abin da za ka riƙa yi shi ne lokaci-lokaci ka je fili ka harbe abin da ke ciki, ka duba. Akwai ramuka masu lamba a bayansa, daga 4 zuwa 15, da ke nuna maka yawan abin da ke ciki. In za ka buɗe shi ka share, ka danna ɗan maɓallin da ke gindi, ka matse gefe biyu, ka zame murfin a hankali da yatsa a kai don sifirin zai yi tsalle. Ka goge ciki da busasshen ƙyalle. Kada ka zuba mai, mai yana tara datti. Ka dubi leɓɓan ko akwai tsagewa, ka jera tsohon sifirin da sabo, in ya gajarce sosai ka canza. Magazin kamar tayar mota yake, yana cinyewa, ba a gadonsa.

Sadiq (Phoenix):
Ƙaramin abu ɗaya da ya ci kuɗinsa: na'urar loda harsashi ta UpLULA. A sabon magazin na Glock, harsashi na 14 da na 15 sai yatsa ya yi ja kafin su shiga. Da ita mutum ya fi daɗewa a fili yana koyo.

Game da jan ɗigo kuma, ni ina goyon baya. Idonka yana kan abin da kake saiti, ɗigon yana kai, ba sai ka jera ƙarfen saiti na baya da na gaba da abin harbin ba.

Alhaji Garba (Sugar Land):
A nan ba zan yi musu da kai ba, don tun da na fara sa tabarau na karatu ƙarfen saiti na gaba ya zama min hazo, jan ɗigon ne ya dawo da ni. Amma mai idon saurayi da bai iya riƙo ba tukuna, zai zaro bindiga ya yi ta neman ɗigon a madubi bai gan shi ba. Kuɗin madubin jan ɗigo na Trijicon RMR ɗaya zai sayi harsashin atisaye fiye da dubu, ko ya biya malami na kwana biyu har da canji. Ni da zan zaɓar masa, malamin zan zaɓa.

Injiniya Bello (Detroit):
Kuma madubin a kan ƙarfen sama yake zaune, duk harbi yana shan duka gaba da baya. Na araha marar suna saitinsa yana gocewa ko ya mutu gaba ɗaya. Na kamfanin Holosun sun fi na Trijicon sauƙin kuɗi kuma mutane da yawa sun gamsu da su. Abin tsoro shi ne jabu: ana kwaikwayon RMR da tocilar SureFire har da kwali da tambari. In ka ga an karya farashi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ka san abin da ake sayar maka. Ko mai kyau daga dillalin da aka sani, ko ka zauna da ƙarfen saitin da ta zo da shi. Ka kuma duba ko taka MOS ce, wato wadda kamfani ya riga ya yanke mata mazaunin madubi a sama. In ba ita ba ce, sai an kai an yanke saman kafin madubi ya zauna, wani kuɗin ke nan.

Abu Hanif (Kaduna):
Salam manya. Ina bin hirar daga gida. Da yadda tsaro ya lalace a nan, idan wani zai zo hutu ba zai iya riƙo min irin magazin ɗin nan da madubin ba? Zan biya.

Malam Habu (mai kula da zaure):
Abu Hanif, mun san halin da ake ciki, dukkanmu muna da iyaye da 'yan'uwa a can, Allah ya kawo sauƙi. Amma a'a, kuma kada kowa ya bi shi ta bayan fage da wannan magana. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol a jerin makaman da aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa. Fitar da sassan bindiga daga Amurka ba tare da lasisin gwamnati ba shi ma babban laifi ne, kuma ana ɗaure mutane a kai. Mai ɗauka da mai karɓa duka za su shiga uku.

Tunda an zo nan: akwai ɗan ƙarfen da ake tallatawa a intanet wanda ake maƙalawa a bayan Glock ta riƙa ɓarin wuta. A dokar tarayya shi kansa ƙarfen, ko ba a jikin bindiga yake ba, hukuncin bindiga mai sarrafa kanta yake ɗauka, ɗaurin har shekara 10. Wanda ya saka tallarsa a nan zan cire shi nan take.

Baban Khalifa (Houston):
Na duba, tawa ba MOS ba ce, don haka maganar madubi ta jira. Gobe in sha Allahu akwati da kube zan fara nema. Tocilar fa, Alhaji? Bayan shagon akwai duhu wajen kwandon shara.

Alhaji Garba (Sugar Land):
Ka sayi tocilar hannu mai ƙarfi ka sa a aljihu. Wadda ke jikin bindiga duk abin da ka haska da ita ka nuna masa bakin bindiga ke nan, kuma mai motsi a bayan shago yawanci marar gida ne yana neman abinci. In daga baya ka ga kana son ta jikin, Streamlight TLR ta isa, amma ka tuna sai ka sake kube wanda aka zuba da wurin tocilar.

Ranar Asabar bayan Azahar ka zo mu je fili. Ka taho da duk magazin ɗinka da irin harsashin da za ka riƙa ɗauka ainihi, ba na atisaye kawai ba, don mai rami a baki wani lokacin shigarsa daban ce. Kowane magazin sai ya cinye nasa lafiya kafin mu rubuta masa lamba da farin fenti.

Ɗan Zango (Bronx):
Tambaya ɗaya kafin ku tashi. Shagon naka ne ko aiki kake yi wa wani? Na san tun Satumbar 2021 Texas ta bari a ɗauka ba lasisi, amma mai wuri yana da ikon hana ma'aikacinsa shiga da ita.

Baban Khalifa (Houston):
Ni da wani ɗan'uwa muka haɗa hannu muka karɓa, amma ginin haya ne. Zan karanta takardar hayar da ta inshora yau da daddare, in kuma kira shi mu yi magana. Alhaji, Asabar ɗin ta yi, zan biyo ta gida in ɗauke ka.